Jar Butar Da Ke Gaban Sitiyari

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Na san in kun taru a ɗakin uwarku ran Salla, kuna ba 'ya'yanku labari cewa kakansu ya taɓa tsayar da mota a tsakiyar daji saboda ya ɗauka motar ce ta kira salla. Har ƙaramar jikata, wadda ba ta gama fitar da haƙora ba, ta zo rannan ta tambaye ni ko motar tana yin kabbara. To, tun da Allah Ya ara mini rai har na ga wannan rana, kuma tun da likita ya hana ni goro ya bar ni da biro, bari in rubuta yadda abin ya faru da hannuna. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya yi haƙuri, aji uku na yi a elemantare ta Gumel, na huɗun ta taga na leƙa shi. Amma ku sani a zamaninmu mai aji uku ba abin wasa ba ne. Ni nake karanta wa dangi wasiƙa tun daga Ɗanzomo har Maigatari, kuma in na zo inda rubutun ya fi ƙarfina, ba na barin mai wasiƙa ya tashi da ɓacin rai, nakan cike masa gurbin da gaisuwa da fatan alheri.

Kafin shekarar da nake ba ku labari, na yi shekara tara ina tuƙa wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako, ina kwasar gyaɗa da gero daga kasuwannin ƙauye ina kai su tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa. A allon da ke gaban sitiyarinta akwai agogo uku, kuma dukkansu sun riga mu gidan gaskiya tun kafin a ba ni ita. Na tsakiyar ma gilashinsa ya fita, a raminsa nake ajiye goro. Ban damu ba, domin ni da motar muna da yadda muke magana. In ta yi zafi, tafin ƙafata ne yake gaya mini. In fetur ya yi ƙasa, kara nake tsomawa a tanki. In baƙin mai ya ragu, kunnena ne yake ji, sai muryar injin ta bushe kamar ta mai azumi. Da haka na zama direban da ake kwatance da shi, ba tare da wata fitila ta taɓa kamawa a gabana ta ce mini ga abin da ke damun mota ba.

Sai ga shi Alhaji Haladu ya sayi ƙaramar mota. Ga waɗanda ba su riske shi ba a cikinku, ɗan Goggo Dije ne, yayar babana, wato taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace. Ya girme ni da shekara goma, yana fataucin shanu tsakanin Damagaram da Maigatari, ya yi arziki har ya je Makka, amma duk da haka a wasan taubasantaka bawana ne, kuma ban taɓa barin ya manta ba. Lokacin ba a daɗe da mayar da tuƙi hannun dama ba, saboda haka motocin tsallaken iyaka sun dace da hanyarmu. Ya samo wata fara sol daga hannun wani Bature da ya gama aiki a Damagaram zai koma gida, ya aika aka kira ni, ya ce in bar wahalar gyaɗa in zo in riƙa tuƙa shi. Ranar Alhamis aka shigo da ita Maigatari, ana tsakar cin kasuwa, mutane suka bar cinikin shanu suka kewaye ta. Na shiga na zauna, na murɗa makulli, sai gabana ya haske da 'yan fitilu, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowacce da ɗan zane a jikinta. Da injin ya tashi sai suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ko ɗaya ban san ma'anarta ba. Amma idanun Maigatari gaba ɗaya suna kaina, ga Alhaji ya miƙo mini ɗan littafin da ya zo da motar.

"To, malamin boko," ya ce, "karanta mana. Me take cewa?"

Na buɗe littafin. Baƙaƙen dai namu ne na boko, sai dai an sa wa wasunsu huluna, kuma ko kalma ɗaya ba ta gaishe ni ba. Faransanci ne. Da ina da hankali, da na ce a kira mana ɗaya daga cikin direbobin Damagaram da suke zaune can a inuwa suna shan shayi. Amma in na yi haka, wa zai sake kawo mini wasiƙa? Sai na yi gyaran murya, na bi layukan da ɗan yatsa ina motsa leɓe, na rufe littafin a hankali, na sake murɗa makullin don fitilun su dawo.

"Wannan mai kamar akwati da alamar asibiti," na ce, "tana tuna wa direba ya riƙa tafiya da magani."

"Wannan fa, mai kamar sanda a cikin ruwa?"

"Ta damina ce. In ruwan hanya ya yi zurfi sai ta kama."

Mutane suka yi ta jinjina kai. Wani dillali ya miƙo hannu ya danna wani maɓalli, can maɓallin ya yi tsalle ya fito da kansa, ya ciro shi ya ɗora yatsa a bakinsa, ya ƙwalla ihu ya yar. Abin kunna taba ne. Na ce masa maganin masu taɓe-taɓe ne, an rubuta a shafi na biyu. Sannan Alhaji ya sunkuyo ya nuna ta ƙarshe, ja, wadda ta fi kowacce jinkirin mutuwa. Zanen da ke jikinta ba ya buƙatar littafi. Buta ce, da mariƙinta da bakinta, har da ɗigo ɗaya yana faɗowa.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Ilu, ashe Nasara ma sun san buta?"

"Sun sani mana. Motar da za a kawo ƙasar Musulmi daban ake ƙera ta. Wannan tunatarwa ce, kada mutum ya yi sakaci da alwala da salla a hanya."

Na rantse muku da wasa na faɗa. Taubashina nake ja, ina jiran ya ce ƙarya nake yi mu yi dariya. Sai wani dattijo a bayana ya ce "Allahu Akbar" da ƙarfi, wani ya amsa, Alhaji ya shafa gemu ya ce dama shi jikinsa ya ba shi motar nan mai albarka ce. Daga nan maganar ta fita daga hannuna. To ku rubuta wannan ku ajiye: ban taɓa yarda cewa mota ta san lokacin salla ba. Na dai faɗa, kuma ban janye ba. Akwai bambanci, ko da yake uwarku har gobe cewa take ba ta gan shi ba.

Wata uku ina tuƙa motar lafiya lau, butar tana kamawa in na murɗa makulli tana mutuwa, har aikin hajji ya ƙarato. A shekarar ne Goggo Dije za ta sauke farali. Ita ba ta yarda ta koma Maigatari gidan ɗanta ba, tana can rugarsu a bayan Ɗanzomo, da 'yan shanunta da gonar gyaɗarta. Tun ina yaro nake jin tana cewa "in na je Gabas". Sau ɗaya an rubuta sunanta, sai farin nan ya zo ya kwashe shanu, ta ce ba za ta tafi ta bar mutane a cikin wannan hali ba. Karo na biyu ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Wannan shi ne na uku, ta haura saba'in, ido ya fara hazo, kuma kowa ya sani, ita ma ta sani, ba lalle ne a sami na huɗu ba. Saƙon da ya zo daga ofishin alhazai a fili yake, ni na karanta shi, kuma wannan da Hausa aka rubuta: motar maniyyata za ta tashi daga Gumel zuwa Kano ranar Talata da an sallame la'asar, jirginsu shi ne na ƙarshe, wanda bai shiga motar nan ba sai baɗi. Baffa Umaru, ƙaninta da zai yi mata muharrami, ya riga ya kwana a Gumel da takardunsu duka.

Ranar Talatar ni da Alhaji muka isa rugar da hantsi, da nufin mu ɗauke ta mu juyo. Amma ba a ɗaukar maniyyaciya kamar buhu. Matan ƙauyuka uku sun cika tsakar gida, kowacce da saƙon da za a kai mata gaban Ka'aba, wannan haihuwa take nema, waccan mijinta ne ya daɗe a Kurmi bai dawo ba, kuma Goggo sai ta saurari kowa har ƙarshe, ta roƙi gafara a roƙe ta. Ga kaya, ƙulle-ƙulle da tukunya da tabarma, har but ɗin motar ya ƙi rufuwa sai da igiya. Alhaji yana ta kai-kawo yana duba agogonsa. Shi ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye, saboda haka duk faɗan da za su yi ta kaina yake bi.

"Ilu, gaya wa mutumin nan ya daina zagaye ni kamar ɗan maraƙi. Wanda Ya kira ni Ya san ina zuwa."

"Ilu, gaya wa Inna motar hukuma ba ta jiran kowa."

Ba mu tashi ba sai da rana ta raba tsaka ta fara karkata. Don mu rage tafiya, Alhaji ya ce mu bar hanyar manyan motoci mu yanke ta burtali, ta tsakanin gonakin da aka gama girbe. Na san burtalin nan, amma da babbar mota na san shi, wadda cikinta yake can sama. Ban tuna cewa wannan 'yar gayun cikinta a ƙasa yake ba, balle ga kayan Goggo a bayanta. Muna cikin tafiya na ji ƙum a ƙarƙashinmu. Kututture ne ya ɓuya a cikin yashi. Motar ba ta ko yi tari ba, ta wuce abinta, ni ma na wuce. Can bayan mun ɗan yi nisa, sai butar ta ƙifta. Ta mutu, ta sake ƙiftawa, sannan ta kama ja wur ta zauna. Goggo ce ta fara yin magana, ita da ake cewa idonta ya yi hazo. Daga kujerar baya ta leƙo ta saman kafaɗata.

"La'ilaha illallahu. Ilu, ga butar taku ta kira. Azahar ta yi. Tsaya."

"Ba inda za mu tsaya," in ji Alhaji. "Gaya wa Inna ma yi a Gumel. Taka mota, Ilu."

"Gaya masa ni ba zan fara tafiyar Makka da ƙin abin da ƙarfe ma ya sani ba."

Su biyun suna gardama a kan ƙaryata, ni kaɗai na san ƙarya ce. Wata uku azahar da la'asar suna riskar mu a hanya, butar nan ba ta taɓa cewa uffan ba. Ban san abin da take nufi ba, amma na san wanda ya ƙera ta bai zaɓi jan launi don ado ba. Na kasa kunne. Injin yana tafiya lafiya, ko kuwa akwai ɗan bushewa a muryarsa? Baƙon inji ne, ƙasa-ƙasa yake magana, ban gama iya harshensa ba. In na tsaya ba dalili, na ci wa Goggo lokaci. In na wuce kuma abin ya zama gaske, motar za ta mutu mana a gaba, inda yashi ya fi zurfi, inda ko jaki ba ya wucewa sai ran kasuwa. Ga shi ba zan iya buɗe baki in ce ban sani ba. Sai na ɓuya a bayan tsohuwa. Na ja gindin wata aduwa, na kashe mota.

"Alhaji, umarnin uwa ne. Raka'a huɗu ce kawai."

Ya yi mini kallon da ba na taubasantaka ba, ya fita ya bugo ƙofa.

Na zuba wa Goggo ruwa a butarta ta gaske, na shimfiɗa mata tabarma, ni kuma na tsuguna a gefen mota zan yi alwala. To ga inda Allah Ya yi ikonsa. Mutum a tsaye ba ya ganin ƙarƙashin ƙaramar mota, amma mai alwala a tsugune yake. Na wanke hannu, na kurkure baki, na sunkuya zan shaƙa ruwa, sai idona ya faɗa ƙarƙashin injin. Ɗis. Ɗis. Baƙi ƙirin, yashi yana shanyewa. Na waiwaya, ga siririn layi baƙi ya biyo sawunmu har inda ido ya ƙare. Na yar da butar, na ɗaga bonet, na zaro tsinken awon mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. A bushe yake, sai ɗan laima can a bakinsa. A nan ne, ina tsaye da tsinke a hannu, na gane ashe ba butar alwala ba ce. Butar mai ce, irin wadda makanikai suke ɗiga wa ƙarfe mai da ita, wadda na gani sau dubu a gareji. Alhaji ya zo ya tsaya a kaina.

"Mene ne kuma?"

"Mai ya tsiyaye. Kututturen nan ya huda kaskon da ke ƙarƙashin inji. Shi butar take faɗa."

"Ba ka ce alwala ba ce?"

"Na ce."

"Ba a littafin ka karanta ba?"

Na duba gabas na duba yamma, ba kowa sai aduwa da Goggo da ta tayar da salla.

"Yaya, ko kalma ɗaya ban iya karantawa a littafin nan ba. Duk abin da na gaya muku a Maigatari, daga kaina na ciro shi."

Ban taɓa kiransa Yaya ba sai ran nan. Na zaci zai mare ni, kuma da ya yi da ban rama ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya duba agogonsa, ya rage murya don kada ta ji.

"Shiga ka tayar. In injin zai ƙone ya ƙone, in motar za ta mutu ta mutu, in dai a Gumel za ta mutu. Ba zan bari ta rasa wannan karon ba."

"Ba za ta kai ba. Fitilun ne ban sani ba, amma inji na san shi. Ba mai, ko mil biyu ba za ta ƙara ba, za ta buga a tsakiyar yashin can, daga nan kuma ba mai tayar da ita."

"Ba ni makullin."

Na jefa shi a aljihun ciki na dafe.

"Sai dai ka kayar da ni."

Ban san inda abin zai kai mu ba, mutum biyu masu gemu suna shirin kokawa a burtali, da Goggo ba ta sallame ba. Ta shafa addu'a ba gaggawa, ta naɗe carbinta, sannan ta juyo.

"Ilu, na ji ana maganar mai. Wane irin mai take sha?"

"Baƙin mai, Goggo. Na inji. Sai a gari ake samu."

"Ni ban san baƙi ba. Amma a cikin kayana akwai man gyaɗa galan guda, na gonata, da hannuna na matse shi. Da shi zan yi girki a can, an ce abincinsu ba ya zama a cikin mutum. In zai yi, ɗauko."

"Ilu, gaya wa Inna mota ba ƙosai ba ce," in ji Alhaji.

Ni kuwa sai wani labari ya faɗo mini a rai. Na taɓa jin wani tsohon direba a tashar Gagarawa yana cewa da man gyaɗa ya taɓa fitar da motarsa daga daji, kuma duk muka ƙaryata shi. Amma inji santsi yake nema, bai san gona ba. Ba zai kai mu Kano ba, to ai ba Kano za mu ba.

"Zai yi, in Allah Ya so."

"A wane shafi ka karanta wannan kuma?"

"Wannan ban sani ba, Alhaji, zato nake yi. Amma ka ga yau na gaya maka zato ne."

Na tuɓe riga, na tone yashi da hannu, na kutsa ƙarƙashi a rigingine. Hujin bai fi kan ɗan yatsa ba. Na ce a feƙe mini reshen aduwa, Alhaji da kansa ya zaro wuƙa ya feƙe. Na ce ina son tsumma, ya yage gefen rawaninsa na Makka ya miƙo mini. Na naɗe iccen, na cusa, na buga da sifana har ya zauna daram, na shafe kewayen da sabulun Goggo. Kaskon da zafi yake kamar tanda, kuma tabon da kuke gani a bayan hannuna na dama, wanda na gaya wa wasunku cizon kura ne, a nan na samo shi. Muka yage bangon littafin Faransancin muka naɗe shi ya zama mazurari, wannan ne amfanin farko da ya yi mana. Goggo tana tsaye tana kallon guzurinta yana gangarawa cikin ƙarfe. Da na ga ya kusa ƙarewa na so in rage mata ko na miya ɗaya, ta ce in juye duka, kada in yi wa baiwar Allah rowa. Na shiga na murɗa makulli. Fitilun suka kama gaba ɗaya, injin ya tashi, akwatin ya mutu, sauran suka bi shi. Butar ta tsaya ja tana kallona. Na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ta ƙifta ta mutu. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. To ga kabbarar da ake cewa mota ta yi, ni na yi ta.

Washegari ne wani makanike a Gumel, mutumin Damagaram da ya iya Faransanci, ya zaunar da ni ya bi da ni fitilun ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya, bayan ya gama dariya. Akwatin maganin nawa batir ne, in ya kama ana tafiya to caji ya tsaya. Sandar cikin ruwa zafin inji take nunawa, ba ruwanta da damina. Ya kuma nuna mini wani ɗan dunƙulen ƙarfe da bai fi goro ba, a maƙale a kwiɓin injin da siririyar waya guda. Ya ce shi ne ɗan rahoton: muddin mai yana tura shi yana nan shiru, da mai ya sake shi sai ya kunna butar. Ya ce da na ƙara tafiya kaɗan, da sai dai a kai wa maƙera injin. Kwana huɗu ya yi yana wanke man gyaɗa daga cikinsa. Labarin kuwa ya riga ni isa Maigatari. Daga shekarar aka daina kawo mini wasiƙa, aka koma wurin wani malamin makaranta, kuma har na bar tuƙi direbobin tasha ba su daina kirana Ladan ba. Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, abin da na sani kawai shi ne ido ɗaya a hanya ɗaya a butar, giya ta biyu, ba gudu ba tsayawa, ga wani ƙamshi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu, ƙamshin suya sak, har Goggo ta ce da an taho da ƙullu da ba a yi asara ba.

Muna hango rufin kwanon Gumel muka jiyo kiran la'asar. Kafin mu kutsa ta cikin 'yan rakiya mu isa filin ofishin, an sallame. Doguwar motar tana tsaye injinta yana aiki, an ɗaure kaya a sama an rufe da tamfol. Baffa Umaru ne kaɗai bai shiga ba, ƙafa ɗaya a kan matakala ɗaya a ƙasa, ya riƙe ƙofa yana faɗa da malamin da ke riƙe da takardar sunaye. Daga baya muka ji sau uku ana kiran sunanta, shi kuma ya ce sai dai a tafi da rabinsa. Na danna hon ban ɗaga hannu ba har na tsaya a gaban doguwar motar na tare ta. Mutane suka dare, wasu suna waige-waige suna neman mai ƙosai. Alhaji ya fita da gudu, babbar riga duk mai, rawani a yage, ya buɗe wa uwarsa ƙofa. Ita kuwa ta sauko a hankali, ta gyara mayafi, ta gai da malamin sunayen, har ta tambaye shi iyali. Aka jefa ƙulle-ƙullenta sama. Da ta sa ƙafa a matakala sai ta juyo ta kama hannuna da ya ƙone, ta duba shi, ta tofa masa addu'a.

"Ki yafe mini, Goggo," na ce. "Saura kaɗan in hana ki tafiya."

"Kututture ne ya so hana ni, ba kai ba. Matsar da motarka, ka tare wa bayin Allah hanya."

Na matsar. Doguwar motar ta ja, ta fita filin ta hau hanyar Kano, 'yan rakiya suna bin ta da salati da kuka. Muka tsaya muna kallo har ta ƙule. Sai na ga Alhaji Haladu, mutumin da ba ya zama sai an shimfiɗa masa buzu, ya sulale ya zauna daɓas a ƙasa, ya jingina da taya, ya rufe fuska da hannu biyu. Ni ma na zauna kusa da shi.

"Ta tafi," ya ce.

"Ta tafi."

Ya share ido, ya ja hanci, ya dube ni.

"Ilu, ka yi azahar kuwa?"

Na yi tunani. Alwalar ma a hanci na tsaya.

"Ban yi ba."

"Ni ma ban yi ba. Tashi ka nemo mana ruwa."